Wuƙar Matrona

Olinka ta sa busasshen kifin a baki, ta datse shi da turamen haƙoranta, ta ja, ta murɗa, har tsokar ta rabu da fata. Sai ta ciro guntun daga bakinta, ta juya shi ta duba, ta ajiye a farantin ƙanenta.

"Ci mana, auta. Na tausasa maka shi."

Evon ya dubi guntun kifin yana ta ƙyalli, ya dubi zaren yawun da ya biyo shi har gefen faranti. Mutum ya haura sittin, ya yi jikoki, ya binne matarsa, a ce yau abincinsa sai ya bi ta bakin wata kafin ya iso nasa. Ya kau da kai ya ja kofin shayi.

"Na ƙoshi, Yaya."

"Ka ƙoshi da me? Da iska?"

Tun bazara suke wannan zaman, tun ranar da yana cikin jan koma a kogin Kuskokwim ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, aka ɗauke shi a jirgi zuwa asibitin birni. Ƙafar ta ɗan dawo, yana janta. Bakin ya ɗan karkace. Hannun ne dai ya ƙi, yana nan kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Olinka, yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta rufe gidanta ta tare a nasa. Duk ƙauyen babu wanda zai ce ba mutuniyar kirki ba ce. To amma masu yabon ba su ne ke cin abin da ta tauna ba. In naman miya ne ta tsoma yatsu a kwanonsa ta yagalgala, ta lashe yatsun, ta sake tsomawa. In ya yi zafi ta hura, har da 'yan feshi. Ko a jikinta.

A ƙauyen, namiji da wuƙar aljihunsa yake cin abinci. Ya cafki nama da haƙora, ya ja da hagu, ya yanke da dama daf da leɓe. Haka ubansa ya yi, haka shi ma ya yi tun yana ɗan saurayi, bai taɓa ko ƙwarzane ba. Mata kuwa ulu ce tasu, wuƙar nan mai kamar rabin wata da mariƙi a samanta, da ita suke feɗe kifi, da ita suke ci.

Da ya dawo daga asibiti ya gwada tasa dabarar, ranar da Olinka ta tafi coci. Ya cafki kifin da haƙora, ya danne ƙarshensa da gwiwar hannu a kan tebur, ya kawo wuƙa. Kifin ya suɓuce, wuƙar ta wuce. Ko zafi bai ji ba, domin leɓen wannan ɓangaren ya daina ji. Sai da ya ga faranti yana cika da jini, yana haɗuwa da man kifi, sannan ya san ya yanka kansa. Ma'aikaciyar ɗakin magani ta ɗinke masa, ta kuma ba Olinka wuƙar ta ce ta ɓoye.

A ranar Olinka ta ce, "Ga ulun matarka Matrona can a kanta, an naɗe a tsumma tun rasuwarta. Hannu ɗaya take so. Ka danna kawai."

"Wuƙar mata? Ni?"

"To wa zai gani?"

"Kowa zai gani! Taubashinmu Gusty zai gani, in Gusty ya gani kuwa har karnuka sai sun ji. Kar ki sake yi mini wannan maganar."

Ba ta sake ba. Abin dariyar shi ne, shi ya ƙera wuƙar da hannunsa, daga tsohon zarto, shekarar da suka yi aure. Ya ƙera irinta da yawa, wa 'yarsa, wa matan 'yan'uwansa. Ƙerawa aikin maza ne. Ci da ita ne ba ya jin zai iya, ko da zai mutu da yunwa, kuma da alama hanyar da ya ɗauka ke nan. Wandonsa ya fara zamewa, ya huda sabon rami a bel, ya sake huda wani.

Ana saura 'yan makonni Kirsimeti 'yarsa Anecia ta bugo waya daga birnin Anchorage. Ma'aikaciyar ɗakin magani ta auna shi, ta kuma kai rahoto.

"Baba, ni ba zan zauna ina jin labarin kana ƙarewa ba. Zan zo bikin tauraro na Kirsimeti. In na zo na ga ba ka ci, jirgin da zai mayar da ni da kai zai tashi. Na riga na yi magana da gidan tsofaffin nan, akwai gado."

"Gwaggonki tana kula da ni."

"Gwaggo ta ce shayi kawai kake sha. Ni idona zan yarda da shi."

Evon ya san gidan. Ya taɓa zuwa duba wani abokin farautarsa a can. Ya same shi an ɗaura masa ƙyalle a wuya kamar jinjiri, wata yarinya tana ɗura masa wani koren abu da cokali, tana kankare abin da ya zubo a haɓa tana mayar masa a baki. Nama da dankali da ganye duk an markaɗe su wuri ɗaya. Ɗakin yana warin fitsari da sabulu. Mutumin da ya taɓa ɗaukar cinyar mus, barewar nan mai girman sa, a kafaɗa ya tsallake fadama da ita. Evon ya fito waje ya yi amai a bakin ƙofa, kuma har yau in ya tuna sai yawu ya taru masa a baki. Can 'yarsa take nufin kai shi.

Don haka ya shiga neman wuƙa gadan-gadan. Ya sa aka haɗa shi da matar asibitin da ke koya wa masu shanyewar jiki harkokin gida, suka yi magana ta allon ɗakin magani. Mace mai fara'a, komai ya faɗa sai ta ce madalla. Ta ce kada ya damu, akwai wuƙaƙe na musamman don masu hannu ɗaya, za ta aiko masa. Ya dawo gida ranar har da ɗan fito.

Gusty ne ya ɗauko kwalin daga gidan waya a kan babur ɗin ƙanƙara. Taubashin Evon ne, tun suna yara ba su taɓa gaisawa da kalma mai daɗi ba. Ya shigo bai ko kaɗe takalmi ba, ya dire kwalin a tebur.

"Ga kayan aurenka, mai hannu ɗaya. Buɗe mu gani."

"Kai dai ba ka da aikin yi, tsohon banza. Riƙe mini nan in yage."

Ta farko da ta fito cokali mai yatsu ne da aka ɗan wasa gefensa. Ta biyu wuƙa ce mai mariƙin roba kauri kamar dantsen jariri, launinsa ma irin na naman mutum, ga wani maɗauri da ake zagaya wa hannu. Evon ya taɓa robar, ta ɗan manne masa a yatsa, ya yi sauri ya goge a wando. Ta ƙarshe tana cikin leda. Gusty ya zaro ta, ya ɗaga sama, sai ya fashe da dariya har yana dukan tebur.

"Olinka! Zo ki ga ikon Allah! Turawa sun ƙera ulu! Sun dakushe ta, sun sa mata roba, sun aiko wa ƙanenki!"

"Ba ulu ba ce," in ji Evon. "Kayan asibiti ne. Ga takardarta nan."

"Au, takarda gare ta? To shi ke nan, namiji ce."

Evon ya sha mur. Ya sa Olinka ta ɗauko daskararren farin kifi daga zaure, irin wanda ake ci da sanyinsa. Ya ɗora wuƙar asibitin, ya danna, ya lilla gaba da baya yadda hoton ya nuna. Ko zane ba ta yi wa fatar ba. Ya miƙe tsaye ya sa nauyinsa. Kifin ya fallo daga faranti, ya bi ƙasa yana sulɓi, ya shige ƙarƙashin murhu, ya fito da gashin kare da toka a jikinsa. Olinka ta ɗauka ta goge a gaban rigarta ta mayar masa a faranti.

"Ba abin da ya same shi," ta ce.

Evon ya yi tsaki ya ture farantin. Ai dama wanda ya ƙera wannan abin don cin burodi da dafaffen karas ya ƙera shi, bai taɓa sanin akwai abincin da ke gardama ba.

Bayan kwana biyu Gusty ya dawo da nasa maganin, domin duk iya shegensa ba ya son ganin yadda mutumin ke ramewa. Katako ne ya buga wa ƙusoshi tsininsu sama, wai a soke nama a kai ya tsaya. Daga tsohon teburin feɗe kifinsa ya ɓallo katakon. Ɗumin ɗaki yana taɓa shi, warin kifin bazarar bara da na bara waccan ya taso, ga ƙusoshin sun yi ja da tsatsa, ga ɓawon kifi ya bushe a tsagar itacen.

"Fitar mini da wannan masifar."

"Kai, butulu! Yini na yi ina bugawa."

"In shiga gidajen mutane ranar biki da tarkon ɓera a hammata? Fitar da shi, na ce!"

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. An fara gyara tauraron da ake zagayawa da shi gida-gida a coci, ana manna masa sababbin ƙyalƙyali, mata suna ta haɗa kayan rabo. Evon yana zaune da shayinsa da biskit.

Ana gobe Anecia za ta sauka, da hantsi, Olinka ta zauna kusa da shi da busasshen kifi.

"Yau kam sai ka ci. Gobe yarinyar nan za ta zo ta ga ƙasusuwa ta ce ni na kashe ka."

Ta cusa a baki, ta ja. Wannan karon ta daɗe tana fama. Da ta ajiye guntun a farantinsa, sai ya ga ba yawu kaɗai ba ne. Akwai ja a jikinsa, ja-ja mai kumfa, yana bin gurbin haƙoranta.

Duk abin da ya tara tun bazara ya taso masa lokaci ɗaya. Ya make farantin da hannunsa mai lafiya, ya tarwatse a ƙasa.

"Jini! Jininki za ki ba ni in ci? Wace irin ƙazama ce ke? Wata shida ina haɗiyar yawunki ina shiru! Kare ma ba a yi masa haka! Gara a kai ni can a ɗura mini koren kashin nan da cokali, aƙalla cokalin an wanke shi!"

Olinka ta sauka ƙasa a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, ta fara tattara fasassun. Evon yana huci yana kallonta daga sama. Ta kai hannu ga wani guntun tangaran, ya ƙi ɗaukuwa. Ta sake, ya zame. Sai ta haɗa gefen tafukanta biyu ta kwaso shi kamar mai ɗiban ruwa. A lokacin ya ga yatsun. Kullum suna cikin kwanonsa, amma abin da suke taɓawa yake kallo, bai taɓa kallon su ba. Gaɓoɓin sun kumbura, yatsun duk sun karkace gefe guda, babban ya lanƙwashe ciki.

Ta ciro tsumma daga aljihu ta tofa, ta duba, ta ninke.

"Kana tsammanin daɗi nake ji?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Rabona da iya danna wuƙa tun kafin ka kwanta. In na danna har kafaɗa nake ji. Haƙoran nan su suka rage mini, su ma ga shi biyu suna girgiɗi."

"Ke kuma me kike ci?"

"Romo. Me ya dame ka da abin da nake ci?"

Ta gama, ta dafa kujera ta miƙe, ta shiga ɗaki ta ja labule.

Evon ya zauna. Ƙyamar ba ta tafi ba, juyowa ta yi kansa, kuma wannan ta fi waccan ɗaci. Tsohuwa tana karya haƙoranta a kan abincinsa, tana shan romo, shi kuwa yana zaune yana yatsine fuska, don kada Gusty ya yi masa dariya. Gusty! Mutumin da ya kawo masa katakon ƙusoshi. Ya ji kamar ya tofa wa kansa yawu.

Ya ja ƙafa zuwa kanta, ya miƙa hannu bayan gwangwanayen shayi, ya sauko da ƙunshin. Da haƙora ya kwance tsumman. Mariƙin ƙaho ne, ya yi santsi, ya ɗan lotsa daidai inda tafin Matrona ya zauna shekara da shekaru. Ya kama. Hannunsa ya fi gurbin girma, amma ya zauna. Bakin ya ɗan yi tsatsa. Ya ɗauko dutsen wasa ya ajiye a tebur, yana gogawa dutsen yana gudu.

"Yaya."

Labulen bai motsa ba.

"Yaya, don Allah zo ki danne mini dutsen nan. Da dantse kawai, ba sai da yatsu ba."

Ta daɗe kafin ta fito. Ta dubi wuƙar, ta dube shi, ta zauna ta ɗora dantsenta a kan dutsen, ta kau da kai wajen taga. Haka ta danne har ya gama.

Anecia ta sauka washegari, ta rungume shi, ya ji tana lalubar haƙarƙarinsa ta cikin riga tana ƙirgawa. Ba ta yi maganar tafiya ba, amma ya ga ta zo da jaka babba wadda babu komai a ciki.

Rana ta uku da fara zagaye tauraron ya iso gidansu, da azahar. Mutane suka cika ɗakin har zaure, takalma jibge a bakin ƙofa, ana juya tauraron a gaban hotunan tsarkaka ana waƙa, tagogi duk sun yi gumi. Da aka gama addu'a aka zuba abinci, dattawa maza suka fara zama a tebur yadda aka saba. Miyar mus, busasshen kifi, daskararren kifi, ƙananan kwanonin mai. Kowane namiji ya sa hannu a aljihu, wuƙaƙe suka yi ta ƙas-ƙas suna buɗewa. Anecia tana jingine da bango, hannuwa a harɗe, idonta a kan ubanta. Olinka ta zo ta tsaya a bayan kujerarsa.

Evon ya sa hannu a cikin riga ya fito da ulu ya ajiye a gefen faranti.

Gusty yana daidai gabansa, nama a haƙora, wuƙa a leɓe. Ya saki naman.

"Jama'a, Matrona ta dawo! Sannu da zuwa, amarya! A samo mata riga mai furanni mana, a matsa mata ta koma cikin 'yan'uwanta!"

Aka kwashe da dariya, har da mata a bakin murhu, har da limamin cocin yana rufe baki da hannu. Dariyar ta yi wa Evon ciwo, daidai yadda ya zata. Ya ɗora wuƙar a kan daskararren kifin, ya danna, ya ɗan lilla. Ta shige kamar a sabulu, kifin bai ko motsa ba. Yanka ya faɗo, siriri, fari tas. Ya tsoma a mai ya kai baki. Sanyin ya ratsa masa haƙora, sai gishiri, sai mai. Babu ɗumin bakin kowa a jikinsa. Ya lumshe ido ya tauna.

"Yi dariyarka, ɗan'uwa," ya ce da ya haɗiye. "Kai da hannu biyu, wa ke yanka maka nama a gida tun da turamenka suka zube? Mu tambayi matarka?"

"Ni ce!" in ji matar Gusty daga bakin murhu. "Da irin wannan wuƙar kuwa!"

Dariya ta koma kan Gusty, ya yi ta rantse-rantse babu mai saurarensa. Evon bai tsaya ji ba. Ya ci kifin, ya jawo naman miya ya yanka ya ci, ya jawo busasshen ya datsa shi gutsi-gutsi har fatar. Mai yana bin karkataccen gefen bakinsa, ya goge da kafaɗa ya ci gaba.

Anecia ta matso ta sunkuya daidai kunnensa.

"Baba, ka san dai wuƙar nan gadona ce."

"Ara mini."

"Sai ka cike wandon nan tukuna in ga ko zan bar maka."

Ya jawo wani farantin. Ya zaɓi tsokar kifi mai laushi ta wajen ciki, ya yanka ta siri-siri, ya sake bi ta gicciye, ƙanana yadda ko dasashi zai iya da su. Ya yi wa naman mus haka. Wani yanki ya manne a bakin wuƙar, ya ture shi da babban yatsa, ya lashe yatsan, ya gyara sauran da shi. Sannan ya juya ya miƙa farantin baya, inda Olinka take tsaye har yanzu, hannuwanta a naɗe cikin gaban riga, ba ta da abin yi.

"Karɓi, Yaya. Zauna ki ci."

Ta dubi farantin. Ta dubi babban yatsansa yana ƙyalli. Ta yatsine fuska.

"Yanzu yatsan da ka lasa ka sa mini a abinci? Ƙazami kawai."

Ta haɗa tafukanta biyu ta karɓa. Ta zauna a kan akwatin da ke gefensa, cikin maza, ta fara ci.